Jakar Hannu Mai Wayo: Abin da Fasaha Ke Iya Nemowa da Abin da Ya Fi Ƙarfinta

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar gida da daddare, an ɗauke wuta, yana jiran uwargida ta lalubo makulli daga jakarta, ya san irin haƙurin da abin ke bukata. Hannu zai shiga ya fito da carbi, ya koma ya fito da kwalbar turare, sai cajar waya da ta nannaɗe da bakin mayafi, sai katin asibitin yara, sai tsohon katin gayyatar biki, makullin kuwa yana can ƙasa ya maƙale a kusurwar da shafin jakar ya yage. A ƙarshe sai a zazzage komai a kan dakali a haska da fitilar waya, idan ma ba wayar ce ake nema ba.

Wannan 'yar wahala ce ta sa masu ƙere-ƙere suka shafe fiye da shekara 20 suna ƙoƙarin cusa wa jakar hannu na'urori, har aka wayi gari ana tallar abin da ake kira jaka mai wayo. Sai dai sunan yana rufe wani abu, domin matsalolin da ake cewa jakar za ta magance ba ɗaya ba ne, kuma maganin wannan ba ya yi wa waccan. Rashin ganin abin da ke cikin jaka daban, barin wani abu a gida ba a ankara ba daban, ɓacewar jakar ɗungurungum ita ma daban. Wadda ba ta rarrabe su ba za ta iya zuba kuɗi a kan jakar da ke walƙiya kamar gidan biki, amma ranar da aka manta ta a adaidaita-sahu babu abin da za ta tsinana.

Matsalar duhu ita ce mai sauƙi, kuma tuni aka gama da ita. A shekarar 2005 wata ɗaliba a Jami'ar Brunel da ke Landan ta ƙera jaka mai ɗan faifan sola a waje, wanda ke caza batir da rana, da zarar an zuge zik sai cikin jakar ya kama haske. Yau ba a bukatar wannan dogon aiki, domin akwai 'yan fitilu da ake jefawa a jaka, su kunna kansu idan hannu ya kusanto, su mutu bayan 'yan daƙiƙoƙi. A ganina ma, telan da ya yi wa jaka shafi mai ruwan madara maimakon baƙi ya riga ya yi rabin aikin fitilar ba tare da batir ba.

Matsala ta biyu ce ta fi ɗaukar hankalin masu bincike, kuma ita ce har yau ta fi ba su kunya. Burin shi ne jaka ta riƙa ƙirga kayan cikinta da kanta, ta yadda idan mai ita ta doshi ƙofa babu lalita ko makulli a ciki, jakar za ta ankarar da ita kafin ta yi nisa. Tun a 2004 masu bincike a cibiyar MIT da ke Amurka suka nuna samfurin irin wannan jaka, a 2006 kuma wasu ɗalibai a Jami'ar Simon Fraser ta Kanada suka fito da tasu, wadda alamar abin da aka manta ke haskawa a jikinta. Dukansu sun dogara ne da fasahar RFID, wato gane abu ta hanyar siginar rediyo. Ana liƙa wa kowane abu wata 'yar sitika, a cikinta akwai ƙwayar lantarki da ba ta kai ƙwayar gero ba, da siririyar eriya a kewaye da ita. Sitikar ba ta da batir. Na'urar karantawa ce ke turo mata sigina, ita kuma ta tsotsi ɗan ƙarfi daga nan ta amsa da lambarta, kamar ɗalibin da malami ya kira sunansa a rajista ya ce ga ni. A inda fasahar ta dace ba ta da laifi: manyan shagunan tufafi irin su Zara da Uniqlo da ita suke ƙirga kaya, kamfanin jiragen sama na Delta kuwa dala miliyan 50 ya zuba a 2016 domin bin sawun akwatunan fasinjoji da ita.

Amma cikin jakar mace ba shagon tufafi ba ne. Ƙarfe yana rikita siginar rediyo, ruwa kuma yana shanye ta, ga shi kuwa kayan da aka fi tsoron mantawa, wato makulli da waya, ƙarfe ne ya yi musu yawa, a gefensu kuma ga turare, ga man shafawa, wani lokaci har da gorar ruwa. Sannan akwai batun tazara, wanda a nan ne gizo ke saƙar. Idan aka zaɓi nau'in da ke karatu daga kusa, irin na katin banki da ake ɗorawa a kan na'urar POS, to 'yan santimitoci kawai yake kaiwa, ba zai ji makullin da ke ɗaya kusurwar jakar ba. Idan kuma aka zaɓi mai dogon zango, wanda ke kaiwa mitoci, to zai jiyo makullin da ke ajiye a gaban madubi ya shaida wa mai jaka cewa komai ya cika, alhali makullin bai shiga ba. Na'urar ta san abu yana kusa, amma ba ta san bambancin ciki da gefe ba. Ana iya toshe wannan ɓaraka da shafi mai zaren ƙarfe wanda zai tsare siginar a ciki, sai dai nauyi da tsada za su ƙaru, na'urar karantawar kuma ga ta da cin batir. Ƙari a kan haka, sai an zauna an bi kaya ɗaya bayan ɗaya an liƙa musu sitika an yi musu rajista a waya, kuma mai irin wannan tsari a rayuwarta da wuya a ce ita ce mai mantuwar tun farko.

Inda aka yi nasara ta gaske shi ne a matsala ta uku, kuma nasarar ba daga wajen masu ɗinka jaka ta fito ba, daga wajen masu harkar waya da na'urorinta ta fito. Kamfanin Tile da aka kafa a Kalifoniya a 2012 shi ya fara sabar wa mutane da 'yar na'urar da ake rataya wa makulli. A Janairun 2021 Samsung ya fitar da SmartTag, a Afrilun shekarar kuma Apple ya fitar da AirTag a kan dala 29, wani abu zagayayye mai kama da babban maɓallin kwat, nauyinsa giram 11, yana aiki da batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, irin na rimot ɗin mota da na'urar awon sukari.

Mutane da yawa suna zaton waɗannan na'urori da tauraron ɗan adam suke magana, kamar tirakar da ake sa wa mota ko babur. Ba haka ba ne. Babu GPS a cikinsu, babu layin waya, hasali ma na'urar ba ta san inda take ba. Aikinta kawai ta riƙa sakin 'yar sigina ta Bluetooth a kai a kai, nau'in nan mai ƙarancin cin wuta da aka shigo da shi a 2010, wanda shi ya sa batir ɗaya ke kai ta kimanin shekara guda. Idan wayar mai ita tana kusa, a tazarar da bango biyu ko uku sun isa su katse ta, sai a danna manhaja na'urar ta yi ƙara. Yawancin wayoyin iPhone daga 11 zuwa sama suna da ƙarin wata fasaha da ake kira UWB, wadda ke auna lokacin da sigina ke ɗauka ta je ta dawo, har ta nuna kibiya a fuskar waya da adadin tazarar da ta rage. Wannan yana da amfani idan makulli ya faɗa bayan kujera, amma ga wadda ke tsaye a ƙofa tana lalube, kibiyar jakar da ke hannunta za ta nuna mata, abin da ta riga ta sani. Ƙarar ce kaɗai ke taimakonta.

Hikimar tana bayyana ne idan jakar ta yi nisa. A ɗauka an bar ta a kujerar bayan tasi a Landan, direba kuma ya ɗauki wani fasinja mai iPhone a aljihu. Wayar fasinjan za ta jiyo siginar, ta duba inda ita kanta take, ta kulle wannan bayani da wani makullin sirri da siginar ta zo da shi, ta tura shi rumbun Apple, duk ba da sanin fasinjan ba. Na'urorin mai jakar ne kaɗai ke iya buɗe saƙon, Apple ya ce shi kansa ba ya iya karanta shi, lambar da na'urar ke shelantawa kuma tana sauyawa lokaci zuwa lokaci domin kada wani ya yi amfani da ita wajen bin mai jaka. Wato dai jakar idon baƙi take ara. Apple yana tinƙaho da cewa na'urori sama da biliyan 1 ne ke cikin wannan tsari, kuma a tsakiyar Landan ko filin jirgin Dubai da wuya jaka ta yi minti kaɗan ba ta gamu da ɗaya daga cikinsu ba.

Ga mai karatu a Kano ko Maraɗi, lissafin ya sha bamban. Yawancin wayoyin da ke hannun jama'a a nan na Android ne, su Tecno da Infinix da itel da Redmi da Samsung, ban da ƙananan wayoyi masu madannai da ba su da hannu a wannan harka sam. Wayar Android ba ta kai wa Apple rahoton inda AirTag take. SmartTag kuwa wayoyin Galaxy kaɗai ta dogara da su. Sai a Afrilun 2024 Google ya buɗe nasa tsarin ga wayoyin Android, wanda a 2025 ya sauya wa suna zuwa Find Hub, kamfanoni irin su Chipolo da Pebblebee da Motorola kuma suka ƙera na'urorin da ke aiki da shi. A takarda wannan shi ya fi dacewa da mu, amma tsugune ba ta ƙare ba. Saboda kare sirrin mutane, Google ya saita tsarin ta yadda sai wayoyi da dama sun jiyo abu a wuri mai hada-hada kafin a bayyana inda yake, sai fa idan mai waya ya shiga da kansa ya sauya saitin. Ma'ana, jakar da ta ɓace a Kantin Kwari ta fi wadda ta faɗi a lungun unguwa samun wanda zai shaide ta. Kuma kowace waya sai Bluetooth ɗinta yana kunne, tana kuma da data, sannan za ta iya ba da shaida, mu kuwa mun saba da kashe su duka biyun domin lallaɓa caji da tattalin data. Mai iPhone da ta jefa AirTag a jaka za ta ga amfaninta sosai a filin jirgi, ko a cunkoson Makka da Madina, amma ba lalle ta ga haka a hanyar ƙauyensu ba. Akwai tiraka ta ainihi mai GPS da layin waya wadda ba ta jiran taimakon kowa, sai dai ta fi girma, tana neman caji duk bayan 'yan kwanaki, kuma sai an riƙa biya mata kuɗin layi.

Shi ya sa nake ganin abin da ya fi amfani a waɗannan na'urori ba taswirar ba ce, gargaɗin rabuwa ne. Idan waya ta daina jin siginar jaka, sai ta sanar da mai ita cewa ta bar kayanta a wuri kaza. Wannan bai dogara da wayar kowa ba sai tata. Ga wadda ta tashi daga gidan suna ta bar jaka a ɗakin mai jego, saƙon zai same ta ta juya. Ga wadda ta sauka daga adaidaita-sahu kuwa, saƙon ba nan take yake zuwa ba, kuma kafin ya iso ɗan sahu ya sha kwana ya saje cikin ɗaruruwan 'yan uwansa masu launi ɗaya.

Batun sata ya fi wannan sarƙaƙiya. Apple da kansa ya ce an yi AirTag ne domin abin da ya ɓace, ba domin abin da aka sace ba, kuma akwai dalili. Na'urar da za ta iya bin ɓarawo a ɓoye, ita ce dai za ta iya bin matar da ba ta san an jefa mata ita a jaka ba. Hakan ya faru, har ta kai wasu mata biyu sun shigar da ƙarar Apple a kotun tarayya da ke San Francisco a Disambar 2022. Tun a watan Yunin 2021 kamfanin ya rage lokacin da AirTag ke ɗauka kafin ta fara ƙara idan ta rabu da mai ita, daga kwana 3 zuwa tsakanin awa 8 da 24, a Mayun 2024 kuma Apple da Google suka haɗa kai a kan ƙa'ida guda, ta yadda iPhone da Android duk za su sanar da mutum idan baƙuwar na'ura tana biye da shi. Gargaɗin da ke kare matar, shi ne kuma ke ankarar da ɓarawo ya zazzage jaka ya jefar da na'urar a kwata. Ba na ganin wannan a matsayin aibi, domin asarar jaka ba ta kai a riƙa bibiyar mutum ba da saninsa ba, ko da kuwa mai bibiyar miji ne ko ɗan uwa. Idan ma an yi sa'a taswira ta nuna gidan da jakar take, bayanin na 'yan sanda ne, ba na mai jaka da ƙannenta su je su buga ƙofa ba.

Sai kuma batun da masu talla ba su cika son a taɓo ba, wato bambancin shekarun jaka da shekarun na'ura. A 2012 wani ƙaramin kamfani mai suna Everpurse ya fito da jaka mai aljihun da ke caza waya, a 2015 kuma ya haɗa gwiwa da gidan ado na Kate Spade suka yi jakunkuna domin iPhone na wancan lokaci. A 2023 Apple ya sauya bakin cajar wayoyinsa zuwa USB-C, fatar jakar na nan lafiya, aljihun kuwa ya zama tarihi. Google ma ya yi haka da shirinsa na Jacquard: ya saƙa zaren da ke jin taɓawa a maratayin jakar goyo ta Saint Laurent a 2019 da ta Samsonite a 2020, a 2023 ya rufe manhajar, wayon jakunkunan ya tafi da ita. Mafi tsanani shi ne abin da ya sami akwatunan tafiya masu wayo. Daga 15 ga Janairun 2018 manyan kamfanonin jiragen saman Amurka suka daina karɓar akwati mai batirin litiyam da ba a iya cirewa, saboda tsoron gobara a ɗakin kaya, kuma kafin watan Mayu ya ƙare kamfanonin Bluesmart da Raden duk sun rufe. Jakar hannu da mai ita ake shiga jirgi, amma ita ma ba ta tsira ba, domin batirin da ake bari a shiga da shi ba tare da neman izini ba iyakarsa 100Wh, wato kimanin 27,000mAh, kuma tun 1 ga Oktoban 2025 Emirates ya hana amfani da fawa-bank a cikin jiragensa. Ga kuma zafi, wanda babu abin da ke tsufar da batirin litiyam kamarsa, mu kuwa a watan Afrilu ma'aunin zafi kan haura 40 a inuwa, balle a motar da aka kulle a rana.

Manyan gidajen ado sun gane wannan. Louis Vuitton ya nuna jakunkuna masu allon bidiyo a jikinsu a New York a 2019, aka yi ta ɗaukar hoto, amma allon ba ya nemo makulli. Hermès kuwa bai dasa komai a jaka ba, 'yar rigar fata ya ɗinka wa AirTag domin a rataya a maratayi, ya sa mata dala 299.

Wannan aikin babu abin da ya fi ƙarfin dukawan Kasuwar Kurmi a cikinsa, mutanen da jar fatar akuyar Sakkwato da suke sarrafawa ta daɗe tana ƙetare Sahara har Turawa suka laƙaba mata sunan fatar Maroko. Abin da ake bukata ɗan aljihu ne daidai na'urar, amma wurin da za a sa shi yana da ƙa'ida. Ya kasance daga sama kusa da baki, ba a ƙasa inda kaya za su danne ƙarar ba. Kada ya shiga cikin shafin nan mai zaren ƙarfe da wasu ke sawa domin kare katin banki, domin shafin da ke hana a karanta kati zai raunana siginar na'urar ita ma. Kada kuma a ɗinke bakinsa, saboda batir yana neman canji duk shekara, saboda kuma mai jaka tana da haƙƙin ta ga abin da ke cikin jakarta ta cire shi idan ta so, musamman idan kyauta aka ba ta ko a lefe ta zo. Sai dai bakin ya zama mai zik, ba maɓalli mai saurin ɓallewa ba, domin jakar uwa wurin wasan yara ce, batirin nan mai kama da kwabo kuma idan yaro ya haɗiye shi yana iya ƙona masa maƙogwaro cikin awa 2. Wasu kamfanoni suna shafa wa batiransu wani sinadari mai ɗaci domin yaro ya tofar, amma Apple ya yi gargaɗin cewa wasu daga cikin irin waɗannan ba sa aiki a AirTag, saboda shafin yana iya shiga tsakanin batirin da ƙarfen da ke jan wuta, don haka sai an duba kwalin kafin a saya.